Wa zai riƙe mana yaran likitocin da ke son binciken kansar ƙwan mace?

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Ni malamar makaranta ce, ba likita ba, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, to amma maganar nan ta daɗe tana cina a rai, na ce gara in amayar da ita ko Allah zai sa ta faɗa kunnen wanda zai iya yin wani abu.

Yayata ce ta rasu, shekara uku kenan. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka a wajena uwa ce. Abin ya fara mata ne kamar wasa, in ta ci loma biyu uku sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, ciki ya riƙa kumbura, fitsari a kai a kai, ga ciwon mara da baya. Aka ce olsa ce, ta sha maganin olsa har ta gaji, aka ce taifod, aka ce basir, aka jiƙa mata sassaƙe, wata maƙwabciya ma har barka ta yi mata wai ko ƙaruwa aka samu, alhali macen nan ta haura arba'in da biyar kuma autanta ya shiga sakandare. Zanin da take ɗaurawa ya daina zagaye ta amma hannuwanta da wuyanta sai ramewa suke. Mun fi wata takwas a haka kafin wani ya ce a yi sikanin, daga sikanin aka tura mu babban asibiti, a nan ne na fara jin sunan ciwon, kansar ƙwan mace, wato ta wajen da ƙwan haihuwa yake, kuma aka ce mana ta riga ta bazu a cikin ciki. Na ga ranar da aka soka mata allura a gefen ciki aka zuƙo ruwa, ruwa ne ruwan ɗorawa haka, ya cika roba aka kawo wata, ta kalle ni ta ce "ƙanwata yau dai zan yi numfashi". Bayan sati biyu ruwan ya dawo.

Ba don in ba da labarin jinya na rubuto ba, duk gidan da cutar kansa ta shiga sun san sauran, sayar da fili, sayar da sarƙa, allurar kemo da zubewar gashi. Wata yarinyar likita nake so in yi magana a kanta, don tun da Yaya ta rasu babu watan da ba na tuna ta.

Ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, tana cikin masu neman ƙwarewa a ɓangaren mata. Kullum da wani littafi mai baƙin bango a aljihun farar rigarta, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi. In ta gama zagayen marasa lafiya sai ta dawo ta zauna a bakin gadon Yaya ta ce "Mama, in ba za ki damu ba zan ɗan yi miki tambayoyi", haihuwa nawa, shayarwa wata nawa, yaushe al'ada ta ɗauke, akwai wadda ta taɓa yin ciwon nono a dangi, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Yaya ta ce mata "'yar nan ke kam kin fi alƙali tambaya", su yi dariya. Wata rana da daddare ina shimfiɗa tabarma a baranda na tambaye ta wai me take yi da littafin, ta ce min Anti, matan da nake gani da ciwon nan da yawansu ba su kai hamsin ba, alhali a Amurka kusan rabin masu shi sun kai 63 ko sun wuce kafin a gano, ina so in san ko don mu yawancinmu yara ne, ko kuwa akwai wani abu a jininmu. Ta ce ta fara tara jini da ɗan yankin tsokar da ake cirewa a tiyata, da izinin masu shi, tana ajiyewa a firiza. Da kuɗin aljihunta take sayen kwalaben.

Bayan rasuwar Yaya da kamar wata biyar na koma karɓo wata takarda, na neme ta mu gaisa. Na tarar duk ta yi sanyi. Wuta ta ɗauke kwanaki, inji ya tsaya, duk abin da ta tara na kusan shekara biyu ya narke ya lalace. Ta rubuta neman tallafi har wuri uku, ɗaya ba su ko amsa ba, ɗaya sun ce sai mai manyan takardun bincike da aka buga, to ta ina za ta samu takardun in ba a ba ta na farawa ba, ga kwanan asibiti, ga layin marasa lafiya tun asuba, ga jarrabawa, ga goyo a bayanta. Yanzu tana Saudiyya tana aiki. Wallahi ban ga laifinta ba ko kaɗan, tana da iyaye da ƙanne. Amma littafin nan mai baƙin bango da sunan Yayata a ciki, shikenan an rufe shi.

Tun daga lokacin na shiga karance-karance, duk abin da na gani a kan ciwon nan sai na tsaya na karanta, ɗana ya taimaka min da fassara inda ya yi min tsauri. Abu na farko da na gane shi ne mu nan muna haɗa komai mu ce "kansar mahaifa". Ba ɗaya ba ne. Ta bakin mahaifa daban, ita ce ake yi wa 'yan mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, da aka fara a Najeriya a watan Oktoban 2023, kuma ita akwai gwajin da ke kama ta tun kafin ta zama ciwo. Ta ƙwan mace ba ta da allurar rigakafi, kuma har yau duniya ba ta da gwajin da za a ce kowace mace ta je ta yi duk shekara. Alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa sun nuna a 2022 mata sama da 320,000 aka gano da ita, sama da 200,000 suka mutu. In an kama ta tun tana wuri ɗaya, fiye da tara cikin goma suna kai shekara biyar a raye, in ta bazu kuwa ko a Amurka kusan uku ne cikin goma. Kuma ba ta san talaka ko mai mulki ba, ita ce ta yi ajalin Hajiya Maryam Babangida a wani asibiti a Los Angeles ranar 27 ga Disambar 2009, matar da ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, ga kuɗi ga gata ga likitocin duniya amma kwana ya ƙare.

To ka ga ciwon da yake haka ba gini ko sayen inji kaɗai zai magance shi ba, sai an samu mutanen da za su zauna a kansa shekara da shekaru. Kuma duk ɗan ci gaban da aka samu, in ka bi salsala za ka tarar wani ne ko wata aka riƙe tun suna yara ba a san su ba. Gwajin jinin CA-125 da aka riƙa yi wa Yaya duk bayan kemo, wanda muke jiran sakamakonsa gabanmu na faɗuwa, Robert Bast ne ya gano shi a 1981 yana matashin likita a Boston. Mary-Claire King ta shafe kusan shekara 17 tana bin gidajen da kansar nono ke ɗauke mata ɗaya bayan ɗaya, mutane da yawa na ganin ɓata lokaci take, sai a 1990 ta nuna inda ƙwayar gadon take, wadda aka sa wa suna BRCA1. A 1995 wasu a Ingila suka gano ta biyu, BRCA2. Waɗannan ƙwayoyin gado aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta, in mace ta gaji mai lahani sai haɗarin kansar nono da ta ƙwai ya ƙaru sosai, kuma ta wajen uba ma ana gada, shi ya sa yarinyar nan take tambayar dangin uba. A 2005 masu bincike a Ingila suka nuna cewa kansar da ta rasa wannan hanyar gyara, in ka toshe mata ɗaya hanyar da ta rage sai ta mutu ta bar lafiyayyun ƙwayoyi, daga nan aka samu maganin olaparib da aka amince da shi a 2014. Lissafa ka gani Malam Edita, daga fara aikin matar nan zuwa ƙwayar magani a hannun mara lafiya shekara arba'in ne. Wa ya biya albashinsu duk tsawon lokacin? Wa ya saya musu kayan gwaji a shekarun da babu wani sakamako? Akwai wanda ya biya, kuma bai ce su kawo riba a ƙarshen shekara ba.

Har binciken da bai ba da abin da ake fata ba yana da amfani. A Birtaniya an ɗauki mata sama da 200,000 tun daga 2001, wasu ana musu gwajin jini duk shekara, wasu sikanin, wasu ba a musu komai, aka bi su shekaru, a 2021 sakamako ya fito cewa gwajin bai rage mace-macen ba. Abin baƙin ciki ne, amma ko ba komai yanzu an san gaskiya, ba za a riƙa karɓar kuɗin mata da sunan gwajin da ba ya ceto ba. Sannan masu duba tsoka a madubin likita ne suka gano cewa mafi munin nau'in ciwon nan sau da yawa ba ma a ƙwan yake farawa ba, a bakin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yake farawa, shi ya sa tun 2010 likitoci a lardin British Columbia na Kanada suka fara ba wa matan da suka gama haihuwa shawarar a cire bututun in dai dama za a yi musu tiyata a wurin. Wannan ai abu ne da ya kamata a duba ko zai yi aiki a wajenmu, amma wa zai duba?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kuɗin nan ke fitowa a can. Ba gwamnati kaɗai ba ce. A 1994 wani lauya a New York mai suna Sol Schreiber, matarsa Ann ta mutu da ciwon nan, sai ya kafa gidauniya saboda ita, ita ce yau ake kira OCRA. Kuma ba su tsaya a manyan furofesoshi ba, sun ware tallafi na musamman ga wanda bai daɗe da gama digirin digirgir ba yana ƙarƙashin wani babba da zai riƙa duba aikinsa, sannan wani na daban ga wanda ya fara tsayawa da ƙafarsa, dala 150,000 duk shekara har shekara uku, wanda aka daɗe ana kiransa da sunan Liz Tilberis, editar mujallar Harper's Bazaar da ciwon ya kashe a 1999. A Seattle wani likitan cutar kansa, Saul Rivkin, shi ma matarsa Marsha ce ta rasu, a 1996 ya kafa cibiya da sunanta ta riƙa ba masu bincike kuɗin gwada sabon tunani. Hatta ma'aikatar tsaron Amurka tana da shirin binciken wannan ciwo tun 1997, daga baya suka buɗe wata irin makaranta mara gini, kowane matashi yana jami'arsa amma an haɗa shi da babba mai ja masa gora, ana tara su suna nuna wa juna aiki. Sun gane cewa matashi in ka ba shi kuɗi ka bar shi shi kaɗai zai iya ɓata, in ka ba shi malami ba kuɗi kuma yunwa ta kore shi.

Wani zai ce to su yi binciken mana mu sayi maganin. Ni ma da haka nake gani. Amma Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likita a Ibadan take jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta sun duba matan Najeriya sama da 1,000 masu kansar nono, sakamakon ya fito a 2018, suka tarar kusan kashi 7 cikin 100 suna ɗauke da BRCA1 mai lahani, kusan kashi 4 kuma BRCA2, wanda ya fi abin da aka saba gani a matan Turai da ba a zaɓo su ta hanyar dangi ba. Wannan a Ibadan aka yi, kuma a kan nono. Mu nan Arewa da muke auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, muke haihuwa da yawa muke shayarwa kusan shekara biyu, haihuwa da shayarwar nan kuwa an ce suna rage haɗarin ciwon, amma ga mata nan suna zuwa da ciki kamar tulu, ai tambayoyinmu daban ne, kuma babu Baturen da zai zo ya zauna a bakin gado ya ce "Mama haihuwa nawa" da harshen da za ta saki jiki ta ba shi amsa. Mace 'yar uwarta ce za ta iya. Ina da 'ya'ya mata biyu, Yaya ta bar uku, kuma gwaggonmu ƙanwar babanmu ciwon nono ne ya kashe ta, ka ga ni maganar nan ba ta jarida ba ce kawai, ina kwana da ita.

Sannan dogaro da kuɗin waje ma ba tabbas, a 2025 majalisar Amurka ta zaftare fiye da rabin kuɗin shirye-shiryen binciken lafiya na ma'aikatar tsaron nan, su kansu masu bincikensu kuka suke, balle a ce su tuna da wata yarinya a nan. E akwai ƙofofi, cibiyar Fogarty ta Amurka ta saba ba da tallafi ga matasan malaman jami'a na ƙasashe irin namu har shekara biyar, akwai gidauniyar Wellcome ta Ingila, amma gasa ce da duniya gaba ɗaya, wanda ba a koya masa yadda ake tsara takardar neman ba ko layin farko ba zai wuce ba.

A gida kuma ba za a ce babu komai ba. Akwai NICRAT, cibiyar binciken kansa ta ƙasa da aka yi dokarta a 2017 ta fara aiki a 2023, akwai asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, kuma muna da mutane irin su Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da suka daɗe suna faɗi-tashi a kan cutar kansa har duniya ta san su. Roƙona gare su, a ware wani kaso a rubuta a kansa ƙarara cewa na masu tasowa ne, ba sai mai furfura ba. Kuma tallafin ya zama na mutum ne ba na taro ba. Ba bitar kwana uku a otal da jaka da biro nake nufi ba. A ɗauki yarinya ko yaro a ce shekara uku ko huɗu mun ɗauke maka rabin aikin asibiti, ga wanda zai riƙe layin marasa lafiya a ranakun da kake ɗakin gwaji, ga kuɗin kayan aiki yana zuwa a kan lokaci ba sai an yi ta sintiri a ofis ba, ga firiza mai sola da batir wadda ba ruwanta da ɗaukewar wuta, ga babban malami ko a Zariya yake ko Ibadan ko Landan da za ku riƙa magana duk wata, in mace ce ta haihu a tsayar mata da agogo har ta gama jego ba a ce wa'adinta ya ƙare ba. Kuma a haɗa asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos su riƙa rubuta bayanan masu ciwon nan iri ɗaya, don asibiti ɗaya ba zai tara adadin da za a gane komai ba. Kada kuma a manta da masu duba tsoka da nas-nas da masu lissafin alƙaluma, likita ita kaɗai ba ta bincike.

Amma gaskiya waɗanda na fi so su ji ni su ne masu hali na cikinmu. Alhazanmu da hajiyoyinmu ba su da rowa wajen alheri, na shaida, in uwa ta rasu ana gina masallaci, a haƙa rijiyar burtsatse, a raba abinci da azumi, Allah ya saka musu. To ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya lissafa abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, ilimin da ake amfana da shi yana ciki tare da sadaka mai gudana. Me zai hana Alhaji ya ce na yi waƙafin shaguna goma, kuɗin hayarsu duk shekara a riƙe likita ɗaya mai binciken ciwon da ya kashe matata ko mahaifiyata, a sa sunanta a kai, a damƙa wa amintattu da malaman jami'a su zaɓi wanda ya cancanta ba ɗan wane ba? Lauyan can na New York abin da ya yi kenan, shekara talatin ana cin moriya. Abin da yarinyar nan take buƙata a lokacin wallahi bai kai kuɗin motar da ake saya wa amarya a wasu gidajen ba. Ina roƙon malamanmu su ma su taɓo wannan a mumbari, don mutanenmu in malam ya ce akwai lada za su yi.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Ranar 8 ga Mayu ce ranar kansar ƙwan mace ta duniya, ban taɓa jin an yi shiri a kanta da Hausa yadda ake yi wa ta nono a watan Oktoba ba. Ku gayyato likitar mata ta faɗa wa mutane cewa kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari da ciwon mara, in sun ƙi tafiya sati biyu uku, musamman ga macen da ta manyanta, a je a yi hoto, a daina cewa olsa ce. Kuma ku shiga asibitocin koyarwa ku nemo yaran nan masu ƙananan littattafai a aljihu, ku tambaye su me suke nema, nawa zai ishe su, ku buga kowa ya gani.

Ita likitar muna gaisawa a WhatsApp lokaci zuwa lokaci, da sallar da ta wuce ta turo min barka, na tambaye ta littafin, ta ce yana nan a akwatinta ta tafi da shi, mata sittin da wani abu ne a ciki, kuma in da za ta samu wanda zai tsaya mata na shekara uku da ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Na ce mata zan rubuta wa jarida, ta ce Anti Allah ya sa a karanta.

Allah ya jiƙan Yaya da duk matan da ciwon nan ya ɗauke, masu jinya kuma Allah ya ba su lafiya.

Taku,
Wata malamar makaranta daga Funtuwa